Garejin da ya ƙi ƙara min bust yadda na so, kuma na gode masa

Motata Golf GTI ce Mk7 ƙirar 2016, tokumbo daga Amurka, injin 2.0 TSI mai turbo IS20, doki 210 kamar yadda kamfani ya fito da ita, giya DSG. Shekara ɗaya ina hawanta ban taɓa mata komai ba sai juyen baƙin mai, har ranar da wani abokina ya ɗana min tasa da aka yi wa tunin, wato gyaran lissafin kwamfutar mota don a ƙara wa inji ƙarfi, wallahi tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Shi ya yi min kwatancen wani gareji a Abuja wajajen Apo, ba zan faɗi suna ba don ban nemi izininsa ba, amma ga yadda muka yi da shi.

Na je ne da lambata a kai. Motar a yadda take bust ɗinta, wato matsin iskar da turbo ke tura wa injin, wajen psi 17 zuwa 18 ne, ni kuma na gani a YouTube ana kai ta 23 ko 24 da Stage 1, wato matakin farko na tunin, ba tare da an canza ko ƙusa ɗaya ba. Na ce wa mai garejin, Injiniya 24 nake so yau yau. Bai yi gardama ba, tambaya ɗaya ya yi min, "Yallaɓai wane fetur kake sha?" Na ce wanda kowa ke sha mana. Sai ya ce toh zauna.

Nan ne fa na gane abin da ban taɓa sani ba. Lambobin ƙarfin fetur, wato okten, 91 da 93 ɗin da ake rubutawa a jikin fayil ɗin tunin na Amurka ba ma'auni ɗaya ba ne da namu. Su ma'aunin AKI suke amfani da shi, mu kuma na RON, kuma 91 ɗinsu ya kai wajen 95 a RON, fetur ɗinmu na gidan mai kuwa wajen 91 RON ne, wato kusan daidai da 87 ɗinsu mafi araha. Kenan mutum zai ga 91 a fayil ya ga 91 a nan ya ɗauka an dace, alhali akwai tazara mai yawa. In ka cusa iska da yawa a silinda ga zafi ga mai mara ƙarfi, sauran man sai ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi, wannan dukan shi ke fasa gefen fistin inda ringi ke zama, kuma sau da yawa ba za ka ji komai a kunne ba, burenbos, wato kwamfutar motar, ne kawai zai dinga ja da taimin (lokacin da filogi ke ba da wuta) baya yana kare injin har ranar da abin ya fi ƙarfinsa.

Ranar farko ko taɓa burenbos bai yi ba. Ya auna kwamfureshan na silinda huɗun, ya busa hayaƙi cikin fayif ɗin iska don ganin ko akwai inda ke yoyo, aka samu kilif ɗaya ya saki. Ya ciro filogi sai ga su sun cinye, laifina ne wannan don tunda na sayi motar ban duba su ba. Ya sa sababbi masu jure zafi ya matse bakinsu zuwa wajen milimita 0.6 saboda ƙarin matsi yana iya kashe tartsatsin in bakin ya yi faɗi. Ya tambayi yaushe aka canza man giya, DSG irin tawa duk kilomita 60,000 ake yi, ban da amsa, shi ma aka canza. Baƙin mai kuma ya ce sai mai lambar VW 502 00, kuma in daina jan shi da nisa.

Washegari da asuba muka fita da laftof a jone da OBD, wato mahaɗar da ake karanta kwamfutar mota ta cikinta, a giya ta uku ya ce in take totur har ƙasa daga juyin inji 2,500 zuwa 6,000 a minti, sau uku. Motar ba a ƙara mata komai ba fa amma tuni tana ɗan ja da taimin a silinda biyu. Ya juyo min da allon ya nuna min da yatsa, ya ce "ka ga wannan? a haka kake so in ɗora 24?" Gaskiya jikina ya yi sanyi.

Abin da ya yi min a ƙarshe shi ne psi 20 a tsakiya, yana sauka a hankali in an doshi jan layin ƙarshen juyin inji don ƙaramin turbo irin IS20 in ka matsa masa a sama iska mai zafi kawai yake hurawa, sannan ya rage taimin daidai da manmu. Sau huɗu yana gyara fayil muna sake fita kafin ya gamsu. Kuma bambancin a fili yake, musamman wajen wuce tirela a hanyar Kaduna, motar na amsawa tun daga ƙasa ba sai ta sauke giya biyu ba.

Inda ban ji daɗi ba, ba su da daino, na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta, duk gwaji a kan titi ake yi, ko da asuba ne ma akwai masu mashin da masu tsallaka titi, raina bai kwanta da hakan ba sam. Don haka ba ni da takardar da zan ce ga adadin dokin da na samu. Sannan an ce min kwana 2 sai da ta kai 5, waya kuma sai ka kira sau uku kafin a ɗauka. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, filogi da man giya kaɗai sun kusa kamo kuɗin tunin ɗin.

Wata 7 kenan yanzu, har zafin Maris da Afrilu ta ci ba ta kunna min wutar injin ko sau ɗaya ba. Da rana tsaka in na take ta sau biyu a jere ina jin ƙarfin ya ragu, ya riga ya faɗa min hakan zai faru tunda intakular Mk7, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, a matse take tsakanin kwandensar AC da lagireto, zafi ba ya barinta da wuri. Ya ce in na tara kuɗin babbar intakula in dawo a sake aunawa, kuma ko a lokacin ma bai yi min alkawarin 24 ba. Can zan koma in sha Allahu. Mai giyar hannu kuwa ya tanadi kuɗin kulochi tun kafin ya je, don shi ne farkon abin da ke fara sulɓewa in an ƙara wa wannan injin ƙarfi.