Coke Studio Africa: shirin da ya nuna mini hannun makaɗa

Na daɗe ban ga shirin kiɗa na talabijin da ya riƙe ni kamar Coke Studio Africa ba. Tsofaffin sassansa nake bi a YouTube da daddare, bayan na rufe shagon ɗinkina a Agege, kuma abin da ya kama ni shi ne a nan ana ganin mai kiɗa yana kiɗa. Ga mai ganga yana zufa, ga mai jita yana satar kallon mawaƙi don ya san inda zai shiga, ga 'yan amshi a jere. Kunnen da ya saba da waƙar kwamfuta sai ya ji kamar an buɗe masa taga.

Asalin shirin daga Brazil ne a 2007, ya yi suna a Pakistan daga 2008, sannan aka fara na Afirka a 2013, ana ɗauka a Nairobi ta ƙasar Kenya. Tsarin mai sauƙi ne: a haɗa mawaƙa daga ƙasashe daban-daban a ɗaki guda, a ba su makaɗa, su sake gina waƙoƙinsu tare. Zangon farko ya fi kwanta mini, don a nan aka kawo manya irin su King Sunny Ade, mai kiɗan juju na Yarabawa, da Salif Keita na Mali, aka zaunar da su kusa da matasa irin su M.I na Najeriya da Diamond Platnumz na Tanzaniya. Mu da muke zaune a Legas mun saba jin kiɗan juju yana tashi daga wuraren bikin Yarabawa kowace Asabar, amma daga nesa, a cikin hayaniyar janareta da ta 'yan kabu-kabu. Da na ji shi a tsabtace, kowace ganga da muryarta, sai na gane gangan ɗin nan da ake matsewa a hammata 'yar'uwar kalangunmu ce, maganarsu ɗaya, harshe ne kawai ya bambanta.

Daga baya aka riƙa gayyato baƙi daga Amurka: Wyclef Jean a 2014, Ne-Yo a 2015, Trey Songz a 2016, Jason Derulo a 2017. Sun ja 'yan kallo, ba shakka. Ni dai a kunnena waɗannan sassan sun fi karkata zuwa waƙar zamani wadda ake ji a kowace tashar rediyo, ɗanɗanon gargajiyar ya ragu. Tallan lemon Coca-Cola ma yana ko'ina a ɗakin, amma wanda ya ɗauki nauyi dole ya nuna kayansa.

Akwai abin da yake sosa mini rai duk lokacin da nake kallo. Muna da kalangu da kukuma da garaya da gurmi da kotso da algaita. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma yawancin abin da ya rage mana na bidiyonsu hoto ne mai hazo da sauti mai ƙara. Ka yi tunanin kuntigi mai tsirkiya ɗaya a gaban irin waɗannan na'urorin ɗaukar sauti! Har yanzu akwai masu hannun a Kano da Sakkwato da Katsina, har nan Legas ana samunsu a bukukuwan Agege da Idi-Araba, sai dai matasanmu sun koma fiyano da gyaran murya a kwamfuta. Wani dattijo mai sayar da goro kusa da shagona, da na nuna masa wani sashe, cewa ya yi, "Ɗana, namu makaɗan fa, wa zai yi musu irin wannan ɗakin?" Attajiranmu da tashoshin talabijin na Arewa su ne ya kamata su amsa masa.

Mai son kallo ya sa abin ji a kunne, don lasifikar waya tana haɗiye ƙananan ganguna. Ya rage ingancin hoto saboda data, sautin ba zai lalace sosai ba. Wasu sassan shigar mawaƙan da rawarsu ba su dace a kalla da yara ko surukai ba, gara mutum ya fara dubawa shi kaɗai. A fara da zangon 2013.