Kwana 90 a Amurka da kwana 90 a Turai: yadda lissafin ya bambanta

Alhaji, ka yi tambaya a kan ƙanenka mai fasfon Birtaniya, wanda yake son ziyartar 'yan uwa a Amurka sannan ya zagaya Faransa da Jamus, kuma an gaya masa cewa ko'ina kwana 90 ne ba tare da biza ba. Adadin kwanakin daidai ne, amma yadda ake ƙirga su da abin da ake dubawa a wurin matafiyi sun sha bamban.

Amurka ta kafa tsarinta na yafe biza a 1986, kuma yanzu ya ƙunshi ƙasashe sama da 40, ciki har da Birtaniya, ko da yake babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu. Tun 2009 wajibi ne matafiyi ya nemi izinin ESTA ta intanet kafin ya hau jirgi, izinin da yake aiki shekara biyu, ko zuwa ranar da fasfo ya ƙare idan ita ce ta riga zuwa. A Turai kuwa, a yankin Schengen, wanda ya haɗa ƙasashe 29 da suka ɗauke binciken kan iyaka a tsakaninsu, ciki har da Faransa da Jamus, mai fasfon Birtaniya ya koma matsayin baƙo tun farkon 2021 bayan ficewar ƙasarsa daga Tarayyar Turai, kuma ana buƙatar fasfonsa ya kasance bai haura shekara 10 da bayarwa ba, ya kuma rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da zai fita.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne ƙirgen kwanaki. Amurka tana ba da kwana 90 a kowace shiga, ba a neman ƙari a kansu, kuma idan mutum ya tsallaka Kanada ko Meziko na ɗan lokaci ya dawo, kwanakin da ya yi a can suna cikin lissafi. Turai kuwa kwana 90 take bayarwa a cikin kowane kwana 180, a ƙasashen duka gaba ɗaya. A duk ranar da mutum yake ciki, ana waiwayar kwana 180 da suka gabata a tattara abin da ya yi, har da ranar shiga da ranar fita. Saboda haka wanda ya yi kwana 60 a Faransa da 30 a Jamus ya cinye rabonsa, kuma komawa Landan na mako guda ba zai sabunta masa komai ba. Wanda ya shiga ranar 1 ga Janairu ya zauna har ƙarshen Maris ba zai sake shiga ba sai ƙarshen Yuni. A da hatimin fasfo ake bi a yi wannan lissafi, amma daga Oktoban 2025 an fara ɗaukar hoto da zanen yatsu a kan iyaka, ta yadda kwamfuta ce take ƙirgawa.

Abin da na fi so ka jawo hankalinsa a kai shi ne tarihin tafiye-tafiyensa, domin a nan Amurka ta fi tsanani. Bisa wata doka ta 2015, wanda ya je Sudan, Iran, Iraƙi, Siriya, Libiya, Somaliya ko Yaman daga ranar 1 ga Maris 2011 zuwa yau ba ya cin moriyar wannan rangwame, haka ma wanda ya haɗa takardar zama ɗan ƙasar Sudan da ta Birtaniya. Wannan ya shafi Hausawa da yawa, tunda akwai dangi a Sudan waɗanda ake kai wa ziyara. Ba a haramta wa irin wannan mutum shiga ba, sai dai dole ya nemi bizar ziyara a ofishin jakadanci. Turai ba ta da irin wannan sharaɗi ga mai fasfon Birtaniya.

Haka kuma wanda ya wuce wa'adinsa a Amurka ya rasa damar amfani da tsarin daga baya, kuma tun wurin cike takarda ya amince cewa ba zai ƙalubalanci korarsa a kotu ba, in ba neman mafaka yake yi ba. A duka ɓangarorin biyu rangwamen na ziyara ne da ganawar kasuwanci, bai haɗa da kama aiki ba, kuma jami'in kan iyaka yana da ikon tambayar tikitin komawa da kuɗin guzuri, har ma ya mayar da mutum idan bai gamsu ba. Idan kai ma kana da niyyar raka shi da fasfon Najeriya ko na Nijar, biza za ka nema a kowane ɓangare.