NSX, GT-R, Supra ko RX-7: Wacce Za Ka Ɗaga wa Hannu a Gwanjo?

A watan Janairun 2019 aka sayar da wata Toyota Supra ƙirar 1994 a kan dala 121,000 a gwanjon Bring a Trailer da ake yi ta intanet a Amurka, mutane suka riƙe baki. Shekara guda bayan haka wata Datsun 240Z ta 1971 ta tashi a dala 310,000 a wuri ɗaya, sannan a 2022 wata Toyota 2000GT ta haura dala miliyan biyu da rabi. Tun daga nan duk wanda ya ajiye tsohuwar motar tsere ta Japan a garejinsa ya ɗauka zinariya ya taka. Abin da ba a faɗa shi ne, waɗancan motocin ko dai ba su yi tafiya mai yawa ba, ko suna da tarihi na musamman. Akasarin abin da ke yawo a kasuwa yanzu an yi masa wanka ne kawai don ya yi kama da su.

A cikin huɗun da aka fi tambaya, wato Honda NSX, Nissan Skyline GT-R, Toyota Supra da Mazda RX-7, ni dai NSX ce tawa, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 2005. Injinta mai silinda shida ne, lita 3, yana bayan direba, ba shi da turbo, kuma yana juyawa har sau 8,000 a minti ba tare da ya yi kuka ba. Daga 1997 masu giyar hannu suka koma lita 3.2 da giya shida. Marigayi Ayrton Senna, shahararren direban tseren motoci, ya gwada ta a filin tseren Suzuka na Japan kafin ta fito, ya ce jikinta bai yi tauri yadda ya kamata ba, injiniyoyin Honda suka koma suka ƙarfafa shi. Duk wannan abin daɗin faɗa ne a majalisa. Dalilina na gaskiya shi ne bodin: alminiyam ne, ba ƙarfe ba, don haka jan tsatsar nan da ke cinye sauran ukun daga ƙasa ba ta da wurin zama a jikinta. Mota mai shekara 30 da za ka kwanta ƙarƙashinta da tocila ka taso ba ɓarɓashi a fuskarka, ai ta ci kuɗinta.

Ga kuma gatan da ta samu. A 1993 kamfanin Honda ya buɗe wani shiri a Japan na karɓar NSX daga hannun masu ita a sabunta ta a hannun ma'aikatan kamfani, shi ya sa ake samun masu takardun gyara cikakku. An kuma sayar da ita a Amurka da sunan Acura, sitiyari a hagu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke tunanin kai motar gida, tunda dokar hanya a Najeriya ba ta amince da mai sitiyari a dama ba. Matsalolinta sanannu ne: wasu giyabos na 1991 da 1992 suna da wani zobe da kan karye, ana ganewa daga lambar giyabos ɗin, sai kuma bel ɗin taimin da dole ka ga rasit ɗin canza shi. Babban aibinta, in ta taɓa yin haɗari, ba kowane mai walda ne ke iya ɗinke alminiyam ba. Farashi kuwa ya danganta da iri: nau'in NSX-R ya zama na manyan attajirai, amma ta yau da kullum ta farkon shekarun 1990 har yanzu ba ta kai haukan da Skyline GT-R ta ƙarshe, wato R34, ta yi ba.

Nissan Skyline GT-R mota ce, ba gardama. Ƙirarta da ake kira R32, wadda R33 da R34 suka biyo bayanta, ta lashe dukkan tsere 29 da ta shiga a gasar rukunin A ta Japan tsakanin 1990 da 1993. Sai dai farashinta doka ce ke tuƙa shi. Amurka ba ta barin a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba sai ta cika shekara 25, don haka farashin R32 ya yi tsalle a 2014, R34 kuma, wadda aka yi ƙasa da 12,000, ta fara samun shiga a 2024. Dukkansu sitiyari a dama, kuma da wuya ka sami wadda matasa ba su taɓa injinta ba. Supra injinta na 2JZ ba ya mutuwa, amma rabin kuɗin suna kake biya. RX-7 ta fi su kyan gani, sai dai injinta mai juyi (rotary, wanda ba shi da fistin) in bakanikenka bai san shi ba, ka sayi kayan ado ne.

Na taɓa karɓar wata tsohuwar Nissan ta hannun wani dillali, fenti na sheƙi, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Damina ɗaya ta wuce, sai ƙuraje suka fara fitowa a saman tayar baya da ƙasan gilashin baya. Da mai gyaran bodi ya sa ƙusa ya ɗan kankare, abin da ya faɗo farin gari ne, a bayansa rami, an toshe da raga an shafe da fila, kwaɓin da masu gyaran bodi ke cike rami da shi. Kyan ɗan maciji ke nan. Tun daga ranar ba na fara duba mota daga sama.

Ka san yadda gwanjon Japan yake kafin ka tura ko kwabo. Manyan wurare irin su USS ba sa barin kowa ya taya sai dillalai masu rajista, kai ta hannun wakili za ka bi, kuma idonka duka takarda ɗaya ce da mai duba motar ya cika. Maki 4.5 ko 5 mota ce mai tsabta, 3.5 ta sha wuya, R ko RA na nufin an taɓa gyara ƙashin jikinta. A zanen motar, S tsatsa ce, C tsatsar da ta ci ƙarfe, W wurin da aka yi faci aka fesa fenti, XX ɓangaren da aka canza gaba ɗaya. Maguɗin yana nan wajen fassara. Wakili marar tsoron Allah zai turo maka takardar da Turanci, R ta koma 4, C ta ɓace. Ka nemi ta asali da Japananci, ka ba wani daban ya karanta maka, ka kuma bi lambar shasi ka ga ko motar ta taɓa shiga gwanjo a baya da wani makin.

Mita ma ana mayar da ita baya. Takardar fitar da mota daga Japan tana ɗauke da kilomitar da aka rubuta a binciken lafiyar mota na baya, wanda ake yi duk shekara biyu. In takarda ta ce 140,000 mita ta ce 70,000, magana ta ƙare. In wakili ya fara kwana-kwana a kan wannan takardar, ka tattara kuɗinka.

Sai jabu. Ana ɗaukar Skyline ta talakawa a sa mata fuka-fuki da tambarin GT-R. Ta gaskiya lambar shasinta tana farawa da BNR32, BCNR33 ko BNR34, in ka ga HCR32 ko ER34 ba ita ba ce. Supra kuma ana ɗora turbo a kan injin da bai zo da shi ba, ko a cire giyar atomatik a sa ta hannu, a nemi kuɗin ta asali.

Kalmar "an sabunta ta" ita ce ta fi kowace arha a talla. NISMO, reshen tsere na Nissan, da ya buɗe nasa shirin a 2020 na kwance R32 har ƙarfe tsirara a sake haɗawa, kuɗin da aka ambata ya kai kusan yen miliyan 45. To wanda ya ce maka ya yi irin wannan aikin a wata biyu kuma yana sayarwa da sauƙi, ka tambaye shi hotunan motar lokacin da take tsirara, da rasit ɗin kayan gyara. Nissan tun 2017, Toyota da Mazda daga baya, duk sun koma ƙera wasu kayan tsofaffin motocin nan, saboda haka uzurin "ba a samun na asali" ya ragu ƙwarai. Baƙin kwalta sabo da aka fesa a ƙarƙashin mota ba alamar kulawa ba ce a wurina, tambaya ce. Ka tafi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a ɓangaren da ya kamata ya zama ƙarfe akwai fila. A jikin NSX wannan dabarar ba ta aiki, sai na'urar auna kaurin fenti mai karanta alminiyam.

Kafin ka ɗaga hannu ka lissafa la'ada: Bring a Trailer na karɓar kashi 5 cikin 100 daga mai saye, manyan gidajen gwanjo kashi 10 zuwa 12, ban da kuɗin wakili, jirgin ruwa da kwastan. In lissafin bai kai ga NSX mai takardu ba, gara ka ƙara haƙuri da tara kuɗi da ka faɗa wa GT-R mai makin R don an ce maka ta yi sauƙi.