Hattara da mai "kayan kwantena" da ke shiga zaurukan masu aikin katako

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu taɓa aikin katako a gida. Na yi sati uku ina juya maganar nan a raina, don babu daɗi mutum da furfurarsa ya fito ya ce an yi masa wayo. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jiya aka nuna mini mutumin da ya damfare ni ya ɓulla a wani zauren WhatsApp da sabon suna.

Ni ba kafinta ba ne, malamin makaranta ne a Kano. Garejin gidana na mayar wurin aiki, Asabar da Lahadi in leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa in zaɓo abin da aljihuna zai ɗauka, in dawo in yi ta fama. Teburin karatun yara da kantar kicin ɗin uwargida duk ni na haɗa. Muna da zaure a WhatsApp, ma'aikata da 'yan fansho da ɗalibai, kowa yana tura hoton inda aikinsa ya tsaya. A nan wannan bawan Allah ya same mu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wata huɗu ya yi a cikinmu bai tallata ko ƙusa ɗaya ba. Kullum hoton wata wadirof yake turowa, yau an haɗa gefe, jibi an saka ƙofa. Shawarwarinsa kuma ba na banza ba ne. Shi ya koya wa da yawanmu wasa bakin ƙarfen sassaƙa a kusurwar digiri 25, shi ya ce a riƙa shafa wa zarto mai da damina saboda tsatsa, a hure ƙurar da ke toshe ramukan iskar inji, a bar sabon katako ya sha iska kafin a yanka, don kada hunturu ya zo ya tsattsage shi. Duk na gwada, duk gaskiya ne. Har "Injiniya" muka laƙaba masa. Da wannan ya saye mu, tun kafin a zo maganar kuɗi.

Sannan wata rana ya ce yayansa yana fitar da kwantena a tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas, an samu kayan wani wurin kafintoci da aka rufe a Ingila, tokumbo masu kyau, kuma ya ga bai kamata 'yan kasuwa su kwashe 'yan'uwansa suna kallo ba. Farko ƙananan kaya ya kawo, matsen katako da ƙarafan sassaƙa da awo. Mutum uku suka saya, aka aiko musu ta mota, suka karɓa a tasha, kaya lafiya lau. Suka yi ta sa masa albarka a zaure. Ni ma sai na miƙa wuya: zarton lantarki mai faifai, da injin huda mai batir biyu, a kan kuɗin da bai kai rabin na shago ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, na sani sarai, amma kwaɗayi ya rufe mini ido.

Kwali ya iso ranar Juma'a. Zarton ya sha jiki daidai misali, irin yadda tokumbo ke zuwa, fulogin kuwa sabo fil, mai ƙafa uku irin namu. A gefensa an manna wata 'yar takarda mai ruwan azurfa da aka rubuta 220V. Na jona, na danna. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin zarto ya yi irinta ba, wani ihu siriri kamar zai tashi sama, ina hango tartsatsi shuɗi ta ramukan iska. Ni a wautata har murna nake, wai ƙarfi ne. Ban kai ƙarshen katako na farko ba ƙaurin waya ya cika garejin, inji ya yi shiru.

Na kai wa wani dattijo mai rewaya a Sabon Gari. Bai ko kunce shi ba. Farce ya sa ya ɓanɓare takardar nan, sai ga ainihin rubutun kamfani a ƙasa: 120V, 60Hz, 15A. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, wannan ai ɗan Amurka ne. Wa ya ce ka ba shi wutar NEPA kai tsaye?" Na ce, "Baba, daga Ingila aka ce mini." Ya yi dariya ya nuna mini inda aka yanke asalin fulogin mai ƙafa biyu masu faɗi aka dasa namu.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Wutarmu a Najeriya 230V ce a 50Hz, haka ma Nijar da Ghana duk a wannan layin suke. Amurka da Kanada 120V suke amfani da ita, Japan 100V. Ko a Ingila ma, da wutar gidajensu ta yi daidai da tamu, injinan wuraren gini 110V ne, masu fulogi rawaya mai zagaye. In ka ba injin 120V wutar 230V, kusan ninki biyu ka ɗura masa, zafin da koyil, wato wayar da aka naɗe a cikin injin, zai ɗauka kuwa ya doshi ninki huɗu. Shi ya sa yake gudu kamar mahaukaci kafin ya ƙone. Irin waɗannan injinan ba haramun ba ne, mutane suna aiki da su shekara da shekaru, amma sai da taransifoma mai rage wuta, kuma wadda ta fi ƙarfin injin. Zarto mai jan 15A a 120V wat 1,800 ke nan, ƙaramar taransifomar da ake jona wa rediyo ba za ta ɗauke shi ba. Mai gaskiya zai gaya maka haka kafin ka biya. Wannan kuwa rufe rubutun ya yi da gangan.

Da na dawo gida sai zuciyata ta koma kan batiran. An rubuta 18V 5.0Ah, da tambarin Makita raɗau, amma huda goma sha wani abu ya mutu. Batir na gaske mai wannan ƙarfin ƙwayoyi goma ne a cikinsa, irin waɗanda ake kira 18650, biyar-biyar a layi biyu. Na kunce noti huɗu na buɗe. Ƙwayoyi biyar na tarar, marasa ko suna a jiki, sauran gurbin an cusa guntayen rodi an liƙe da gam don nauyi ya yi daidai a hannu. Kamfanin ba shi da laifi a nan, jabu ne aka buga da sunansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, kwana biyu batirin nan yana caji a falo kusa da inda yara ke kwanciya, kuma batirin litiyam marar kariya idan ya kama wuta ba a kashe shi da sauƙi.

Na kira shi. Wai wutar unguwarmu ce ta yi yawa, in yi haƙuri, zai musanya mini idan babbar kwantena ta iso. Ashe a daidai lokacin yana bin mutane ɗaya-ɗaya ta bayan fage, yana haɗa musu wani abu kamar adashe: kowa ya zuba kafin alƙalami a kan babban injin fere katako ko zarton tebur. Yana ce wa kowa kada ya faɗa a zaure don kayan ba su da yawa. Mutum tara muka ƙirga daga baya, har da wani ɗalibi da ya zuba kuɗin makarantarsa. Asusun da aka tura wa kuɗin ba sunansa ba ne, wai na matarsa ne. Ranar da ya ce mota za ta taso daga Legas, ranar ya fice daga zaure, layinsa ya daina shiga.

Wadirof ɗin nan ma ba tasa ba ce. Wani yaro a cikinmu ya saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, sai ga ta a shafin wani Bature. Da muka zuƙo hoton, soket ɗin da ke bango a bayanta irin na Amurka ne. Wata huɗu muna yaba aikin, babu wanda ya kalli bango.

Mun kai rahoto banki da wurin 'yan sanda, mun kuma haɗa takardar koke zuwa EFCC da hotunan hira da shaidar tura kuɗi. Ban saka sunansa a nan ba, don sunan ma na aro ne kuma ya riga ya sauya. Salonsa za ku gane: shawara mai kyau kyauta, hoton aiki ba tare da fuskarsa ko hannunsa ba, yaya a Apapa, sannan "kada ka faɗa wa kowa". Duk wanda zai sayar muku da inji daga nesa, ku ce ya kira ku ta bidiyo, ya nuna rubutun jikin injin kusa, ya jona a soket ɗin bango ya yanka katako kuna gani. In ya fara kawo uzurin netwok, ku riƙe kuɗinku.

Wanda kuma kayansa ya riga ya iso, don Allah kada ka jona kafin ka kankare duk takardar da aka manna a jiki. Batirin kuma ka cire shi daga caja, ka fitar da shi waje kan siminti, nesa da katako da jarkar fetur ɗin janareta, har ka samu wanda zai buɗe maka shi.