Gargaɗi: 'yan damfara na bibiyar masu cigiyar tsohon firam ɗin keken tsere

Damfarar nan tana farawa ne daga cigiyar da mai saye ya rubuta da hannunsa. Ka sanar a Facebook ko a wata kasuwar intanet cewa kana neman firam (gangar jikin keke) na keken belodurom, wato keken tsere a zagayayyen fili, da aka daina ƙerawa, misali Cannondale Track na farkon shekarun 1990, ko Bianchi Pista Concept, ko GT GTB, ko 3Rensho na Yoshi Konno, ka faɗi girman da kake so. Kafin kwana ɗaya sai ga saƙo. Wani lokaci mutumin ya ce yana da shi, wani lokaci ya ce abokinsa ne ke da shi, ga imel ɗinsa. Wannan na biyun ya fi yawa, kuma da gangan ake yi: ana so a fitar da kai daga dandalin da ke ajiye tarihin maganarku zuwa inda babu mai shaida. Girman da ka nema, launin da ka nema, duk sun yi daidai, domin daga bakinka ya ji su.

Hotunan da zai turo na gaske ne, amma ba nasa ba ne. Daga tsofaffin tallace-tallacen da aka riga aka sayar yake kwaso su. Saka su a Google Lens ko TinEye, sau da yawa za ka ga asalin tallan. Sai dai rashin ganinsa a can ba ya wanke kowa, don ana juya hoto ko a yanke gefensa. Abin da ke tona asiri shi ne sabon hoto da kai ka tsara yadda za a ɗauka. Takarda mai suna da kwanan wata ta daina wadatarwa, da kwamfuta ake liƙa ta. Ka ce ya kifa firam ɗin, ya ɗora cokali a kan gidan feda kusa da lambar firam, ya ɗauka. Ko ku yi kiran bidiyo ya juya maka shi a hannu. Mai kaya na gaske zai yi wannan cikin minti biyar. Ɗan damfara zai ce kayan na ajiye a wani gari, ko an riga an naɗe shi a kwali, ko kuma akwai wani mai saye da ke jira, ka hanzarta.

Sai ka tambaye shi awo, ka ce ya ɗora rula ya ɗauki hoto. Nan ne wanda bai taɓa riƙe firam ɗin ba yake tuntuɓe, nan ne kuma ake kama nau'i na biyu na cuta, wato firam ɗin titi da aka yi wa kwaskwarima aka ce na tsere ne. Tazarar da ke tsakanin bakunan baya biyu, inda aksul ɗin taya ke zama, milimita 120 ce a keken belodurom. Wasu tsofaffin na Japan 110 ne. Idan ka ga 126 ko 130, na titi ne. Tazarar bakunan gaba kuwa 100 ce. Bakin bayan kuma a kwance yake, buɗewarsa na kallon baya, ba shi da kunnen rataya giya. Tsofaffin kekunan titi ma suna da baki a kwance, amma nasu gaba yake kallo, kuma da wannan kamannin ake ruɗar sabon shiga.

Macuta kan goge ƙananan ƙarafan da ke riƙe wayar birki da ta giya, su yanke bakin baya su yi waldar na tsere, su matse tazarar zuwa 120, su fesa sabon fenti, su liƙa sitikar da suka saya. Sitikar kusan kowane shahararren maƙeri ana buga ta a sayar, don haka suna a jikin bututu ba hujja ba ne ko kaɗan. Ka nemi hoton kusa na saman bututun sama, da gefuna biyu na bututun ƙasa inda hannun giya ke zama, da ƙarƙashin gidan feda. Wurin da aka goge yakan bar ɗan tudu ko faɗi a ƙarƙashin fenti idan haske ya faɗo a karkace. Ramukan ɗaura gorar ruwa ma abin tambaya ne, domin tsofaffin firam na tsere zalla ba a yi musu su.

Gidan feda yana faɗin gaskiya fiye da fenti. Na tsarin Ingila faɗinsa milimita 68, kuma zaren ɓangaren sarƙa hagu yake murɗawa. Na tsarin Italiya 70 ne, duka ɓangarorin dama suke murɗawa. Idan aka ce maka firam ɗin Japan ne na keirin, wani nau'in tseren belodurom, amma rula ta nuna 70, ka tsaya ka ƙara bincike. A ƙarƙashin wannan gidan ne galibi ake buga lambar firam, a nan ne kuma tambarin NJS yake, wato shaidar da hukumar keirin ta Japan ke ba maƙeran da ta amince da su, irin su Nagasawa, Kalavinka, Makino da Panasonic. Tambarin a dake yake cikin ƙarfe. Wanda ya nuna maka NJS a sitika kawai bai nuna maka komai ba. Lambar da aka goge, ko aka cike da fenti har ba ta karantuwa, ka ɗauke ta a matsayin alamar sata. Wadda ke karantuwa kuwa ka bincika ta a shafin rajistar kekuna na Bike Index, ko BikeRegister idan kayan daga Birtaniya yake.

Akwai abin da muke so a fahimta game da firam ɗin keirin, don mutane na ɗauka tambarin NJS na nufin lafiya lau. Tambarin yana magana ne kan yadda aka ƙera shi, bai san abin da ya same shi a fili ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa kasuwa an ajiye su ne bayan faɗuwa. Ɗan lotsawa a bututun sama, inda kan keke ya juyo ya buga, abu ne da aka saba gani, kuma a ƙarfe ba ya hana hawa idan bai yi zurfi ba, amma dole mai sayarwa ya faɗe shi, ya kuma rage kuɗi. Wanda ba a yafewa shi ne kumburi ko yamutsewa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuyan keke. Wannan shaidar karo ne ta gaba. Ƙarfen ya riga ya lanƙwashe, fok ɗin da ke riƙe tayar gaba ma mai yiwuwa ya koma baya. Yatsa ya fi ido gano shi, don haka idan kana gaban kayan ka shafa wurin.

In ka samu ganin firam ɗin ido da ido, tafi da siririyar igiya da ƙaramin maganaɗisu. Ɗaura igiyar a bakin baya na dama, zagaya da ita ta gaban wuyan keke, dawo da ita bakin hagu, ja ta miƙe. Auna tazarar igiyar da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin da ya wuce milimita 2 ko 3 na nufin bayan ya karkace. A ƙarfe gwani na iya miƙe shi. A alminiyom, irin na Cannondale, ba a lanƙwasa shi a dawo da shi, tsagewa yake yi, kuma waldarsa na buƙatar a sake gasa firam ɗin, aikin da ba kowa ke iyawa ba. Shi ya sa a alminiyom ake bin kowace walda da tocila, musamman wuya, gidan feda da bakin bututun sirdi, ana neman siririn layi kamar gashi. Maganaɗisun kuma na firam ɗin ƙarfe ne: bi da shi a jikin bututu, inda ya saki ko ya yi rauni, an cike rami da fila an fesa fenti a kai. Sabon fenti a kan firam mai shekara 30 ba laifi ba ne, amma ka nemi hotonsa kafin a fesa.

Kada ka manta da fok. Idan ba na asali ba ne darajar kayan ta faɗi sosai, idan kuma an yanke wuyansa ya gajarta, zaren ba zai isa a ɗaure kofunan wuya ba. Sandar sirdi da ta maƙale a ciki ita ma a faɗa maka kafin ciniki.

Sai biyan kuɗi, inda duk wannan wahala ke iya tashi a banza. Ɗan damfara zai nemi tura kuɗi kai tsaye ta banki, ko Western Union, ko kirifto, ko katin kyauta, ko PayPal ta hanyar 'yan'uwa da abokai, yana cewa don a kauce wa caji ne. Duk waɗannan ba su da kariyar mai saye. Hanyar PayPal ta kaya da hidima ce ke ba ka damar kai ƙara. Ka ce kai za ka ɗauki cajin. Idan har ya ƙi, ciniki ya mutu. Haka in ya kawo wani kamfanin riƙon amana ko na jigila da shi kaɗai ya sani, ya turo maka mahaɗinsa: shafin nasa ne, lambar bin sawun kayan ma shi ya ƙirƙira. Ka ƙi biyan kafin alƙalami don a "ajiye maka", domin wasu ƙaramin kuɗin kawai suke karɓa daga mutum goma su ɓace.

A cikin bayanin biyan ka rubuta sunan firam, girmansa da lambarsa. Ranar da kwali ya iso, kunna bidiyo tun kafin ka yanka tef, ka nuna takardar adireshi, ka buɗe, ka kifa firam ɗin, ka karanta lambar a gaban kyamara ba tare da ka tsayar da ɗauka ba.