Alif ko Sifirit: Wanne Za a Sa Idan Aska Ta Yanke Ka?

A Agege wanzamina dunƙulen alif yake ajiyewa. Wani na Idi-Araba kuwa kwalbar sifirit da auduga. Duka biyun sun taɓa haɓata, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Alif yana tsuke fata da ƙananan jijiyoyi. A jiƙa shi da ruwan sanyi, a danna a kan yankan, sai ka ji zafi kaɗan, jinin ya tsaya. Inda nake tsoro shi ne dunƙule ɗaya ya zaga fuskar mutum goma, don ana iya ɗaukar ciwon hanta ta jini. Shi ya sa nake zuwa da nawa a leda, wanzamin yana tsokanata: "Alhaji, har da guzuri?"

Sifirit ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya tsayar da jini. Ga raɗaɗi, ga busar da fata, sannan gumin Legas ya biyo baya cikin motar haya ta danfo. Ni dai na fi son a goge askar da shi, fuskata a bar wa alif.

Yanka mai zurfi kam ya fi ƙarfinsu. A danne da tsabtatacciyar auduga minti 10; in jini bai tsaya ba, sai asibiti.