Katkat ta hannu daga Turai: inda aibi ke ɓuya da yadda ake bi da shi

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Tawa da kewaye. Tambayar da ta fi zo mana daga gida, mu da ke aikin mota tsakanin Faransa da Beljiyam, ita ce ta katkat ta hannu, wato mota mai ja da tayu huɗu da aka riga aka yi aiki da ita. An sayi Prado ko Hilux wajen wani Bature mai zaman kansa, an biya jirgi, an biya duwan, mota ta iso, ba a je ko'ina ba ta fara zafi ko ta ƙi shiga katkat. Wa za a kama? In ta riga ta hau jirgi a Anbers, tashar jirgin ruwa ta Beljiyam, kusan babu. Kariyar da dokar Turai ta tanadar wa mai saye tana da amfani ne muddin motar tana ƙasarsu, inda masani zai zo ya duba ta da idonsa.

A fara da dalilin da ke sa Bature ya rabu da motarsa. A nan da awa ake lissafa kuɗin hannun makaniki, kuma yuro 80 a awa ba abin mamaki ba ne, wato sama da jika 50 na sefa, kaya ba sa ciki. Aikin kwana biyu irin sauke kilas, wato kan inji da ke rufe silinda, yana iya cin rabin darajar tsohuwar mota. Shi ya sa da yawa in garaji ya miƙa musu lissafi mai nauyi, sai su wanke motar su sa ta kasuwa. Duk katkat da ta yi araha fiye da ƴan'uwanta a intanet, a ɗauka akwai lissafin garaji a aljihun mai ita.

Ta wajen takardu kam Turai ta fi mu nesa ba kusa ba, kuma ya kamata mai saye ya ci moriyar haka. A Faransa, motar da ta wuce shekara 4 ba a sayar wa mutum da ita sai da takardar kwantarol teknik, wato duba lafiyar mota da doka ta wajabta, da ba ta wuce wata 6 ba, da takardar da ke nuna babu jingina a kanta wadda ba ta wuce kwana 15 ba. Akwai kuma HistoVec, shafin gwamnati na kyauta, inda mai mota ke ciro tarihinta: hannu nawa ta bi, ko ta yi babban haɗari, kilomita nawa aka karanta mata a kowane kwantarol. A Beljiyam Car-Pass ke wannan aiki tun 2006, kuma wanda ba a ba shi ba yana iya neman a warware cinikin. Wanda ya ƙi nuna waɗannan, a bar masa motarsa. Sai dai kar a ɗora wa kwantarol abin da ba nasa ba. Wurare sama da 130 ake dubawa ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, don lafiyar hanya da hayaƙi. Kilas mai tsaga da bwat ɗin giya mai shirin mutuwa suna wucewa lafiya lau.

In aibi ya bayyana bayan ciniki, mai zaman kansa ba ya ɗauke da garantin shekara 2 da doka ta ɗora wa ƴan kasuwar mota. Abin da ya rage shi ne dokar ɓoyayyen aibi, aya ta 1641 a kundin dokar farar hula na Faransa. Abu uku ake nema, kuma mai saye ne zai kawo hujjarsu: aibin ba ya ganuwa lokacin ciniki, yana nan tun kafin ciniki, kuma ya kai girman da zai hana a yi amfani da motar yadda ya kamata. Ana da shekara 2 daga ranar da aka gano shi. Plaket na birki da ambarayaj da suka cinye a motar da ta yi kilomita 250,000 ba sa shiga, tsufa ne. Fashewar kilas da aka rufe da maganin toshe yoyo tana shiga.

Babban kuskure a nan shi ne gaggawar gyara. Mutuminmu ya saba in mota ta lalace a kira makaniki a buɗe. A Faransa wanda ya buɗe inji kafin masani ya gani ya zubar da hujjarsa da hannunsa. Sai a ajiye motar, a daina tuƙa ta, a karɓi rubutaccen bayani daga garaji, a aika wa wanda ya sayar wasiƙa ta gidan waya irin wadda ake sa hannu in an karɓa. In ya yi shiru, a ɗauko masanin mota mai lasisi, a gayyaci ɗayan ɓangaren ya halarci dubawar, don rahoton da aka yi a bayan idonsa ba shi da nauyi sosai gaban alƙali. Wannan yana cin ɗaruruwan yuro, sai in inshora ta ɗauka. Rigimar da ba ta wuce yuro 5,000 ba sai ta bi ta wajen mai sasantawa, kyauta, kafin kotu. Ƙarshenta ko a mayar da mota a karɓi kuɗi, ko a riƙe ta a rage farashi. Watanni ake yi, wani lokaci fiye da shekara, motar na ajiye.

A gida dillali ne da shaidu, kuma fiƙihunmu na Malikiyya ma ya ba wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa zaɓin mayarwa. Abin da ke ba da wuya shi ne tabbatar da cewa aibin ya riga ciniki. Maganinsa tun ranar ciniki ne: a rubuta gaban shaidu cewa akwai kwana uku na gwaji, a riƙe wani kaso na kuɗin, a ɗauki motar da lodi a yi Ƙonni da rana tsaka a dawo, kilim a kunne. Wannan tafiya tana tona abin da takardun Turai duka ba sa tonawa.

Zafi ne aibi na farko, don motar da ta yi rayuwarta a ƙasar sanyi ba a taɓa gwada radiyatarta da watan Afrilu na Adar ba. Injin 1KZ-TE mai lita 3 na tsohuwar Prado da 4M40 na Pajero 2.8 kilas ɗinsu na alminiyom ne, zafi ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tsaga shi. A duba da safe inji a sanyaye. A buɗe murfin radiyata, a tada mota: kumfa mai tasowa ba tsayawa, ko tiyon sama da ya yi tauri cikin minti biyu, alama ce iskar silinda na shiga ruwa. Garajin Turai suna da wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin radiyata, in ya canza launi magana ta ƙare. Kwalbarsa ba ta da tsada, kuma ya dace kowane garaji a Tawa ya mallake ta. A duba ƙarƙashin murfin mai ko akwai fari-fari kamar kindirmo, a kuma juya fanka da hannu bayan an kashe inji mai zafi. In ta yi ta juyawa sakaka, kulocinta ya mutu, kuma shi ne ke kashe kilas a hawan tudu ko cikin rairayi.

Muna roƙon makanikanmu su bar cire tarmosta. A waɗannan injuna ita ce ke rufe ƴar gajeriyar hanyar ruwa in inji ya kai wajen digiri 82, ta tilasta masa bi ta radiyata. In babu ita, wani ruwan zagayawa yake cikin inji bai huce ba. Haka ruwan rijiya: gishirinsa ke toshe radiyata daga ciki. In kuwa an kai ga sauke kilas, a kai shi a gwada tsaga da lanƙwasa kafin a sayi juwan, wato shimfiɗar da ke tsakanin kilas da jikin inji, a sa sababbin kusoshi, a ɗaure da makullin da ke auna ƙarfi, bi da bi yadda littafin injin ya tsara. Juwan da ya ƙone bayan wata biyu, galibi ɗaurin ƙiyasi ne ya ƙone shi.

Injin D-4D, wato 1KD na Prado da Hilux na baya-baya, nasa ciwon daban ne. Ƙarƙashin kowace anjekta akwai ƴar zoben tagulla. In ta yi yoyo, baƙin hayaƙi na shiga man inji, ya daskare, ya toshe rariyar da pampo ke tsotson mai, sai kusine, ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, su bushe inji ya kama. Zobba huɗu ne masu arha. A canza su, a sauke kartar, kwanon mai na ƙarƙashin inji, a wanke rariyar. Kuruwar distribisiyo kuma a canza ta da abin ɗaurinta ranar da mota ta zo hannu, komai aka faɗa, tunda fitilar T-BELT, mai nuna lokacin canza ta ya yi, kowa na iya kashe ta.

Sai ita kanta katkat ɗin. Yawancin na Turai ba su taɓa barin kwalta ba, kuma rashin aiki ke kashe ɗan injin lantarki ko tiyon iska da ke haɗa pon na gaba, wato ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayun gaba. A gwada a ƙasa mai laushi: a sa 4H (katkat na gudu) a ja kaɗan, a tsaya, a sa giya a sake, a shiga 4L (katkat na ƙarfi). Fitila ta tsaya cak. In tana ƙiftawa, bai shiga ba. Masu makulli a cibiyar taya a juya su zuwa LOCK tukuna. Hilux da Land Cruiser 70 ba a tafiya da su cikin 4H a kan kwalta, domin ba su da abin raba gudu tsakanin gaba da baya, sai ƙarfen ya murɗe ya ci bwat taransfar. Tayu huɗu su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Wajen duba man pon, a fara kwance noti na cikawa kafin na zubarwa, kar a zubar a rasa ta inda za a zuba. Mai fari-fari ruwa ne ya shiga. Laushin ƙarfe a jikin maganaɗisu ba komai, gutsattsari kuwa haƙori ne ya karye. A kama kardan, sandar da ke kai ƙarfi zuwa pon, a girgiza, in ya yi ƙwas-ƙwas kurwaziyo, wato mahaɗinsa, ya tafi.

Tsatsa ita ce ba ta da magani mai arha a ko'ina. Gishirin da suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara yana cin shasi daga ciki, musamman ta baya, wajen mazaunin sifirin da tiyon birki. A shiga ƙasa da ƙaramar guduma a ƙwanƙwasa. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Bushewar ƙasarmu tana rage wa tsatsa gudu, amma girgizar hanyar Abalak da Cintabaraden tana tsaga ƙarfen da ya riga ya yi sirara.

Motocin gazuwal daga wajen 2011 kuma suna zuwa da matatar hayaƙi da ake kira FAP, wadda aka yi don gazuwal na Turai mai sulfa kashi 10 cikin miliyan da man inji na musamman. Da gazuwal na jarka da ƙura takan toshe, kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi, sai an nemi mai na'urar dubawa a Yamai. Wanda aikinsa daji ne, 1HZ mai lita 4.2 da pampo na ƙarfe zalla ya fi masa, ko da ya fi tsufa ya fi tsada.

Ga yadda muke raba aiki. Abin da ke son na'ura da takarda a yi shi a Turai kafin jirgi: awa ɗaya a garaji a ɗaga motar, a sa mata na'ura, a gwada ruwa. Kayan da jabunsu ya cika kasuwa a saye su nan a sa cikin motar: kuruwar distribisiyo, tarmosta, murfin radiyata, zobban anjekta, filtar gazuwal biyu ko uku. A ɗauki hotonsu a kuma rubuta su a takardar lodi, don tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 hanya ta ƙara tsawo ta Lome da Burkina, hannuwa sun ƙaru. Aikin da ke cin awoyi, irin ambarayaj, wankin radiyata, gyaran ƙafa da walda, a bar wa makanikan gida, sun iya kuma kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na nan ba. Ranar da ta iso a zubar da kowane mai: 15W-40 a tsofaffin injuna, 80W-90 a pon, a ƙara filta mai raba ruwa da gazuwal kafin pampo, a rage tazarar bidanji zuwa kilomita 5,000. A gaida mutanen gida.